Fentin Vallejo Model Color a hannun mai fenta sojan roba na farko

Wanda ya sayi kwalin ƙananan sojojin roba na kamfanin Tamiya na ƙasar Japan, masu ma'aunin 1/35, zai tarar cewa harhaɗa gangar jiki da hannaye da bindiga da gam aikin ɗan lokaci ne, wahalar tana wajen fenti. A wannan ma'auni, mutum mai tsawon santimita 175 yakan koma santimita 5, kansa kuma bai kai milimita 7 ba, don haka duk fentin da ya yi kauri zai cike idanu da maɓallai da ƙugiyar ɗamara, ya bar sojan babu kama. A kan sojan Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu na gwada fentin Model Color na kamfanin Vallejo da ke kusa da Barcelona a Sifaniya, kuma hukuncina shi ne ya dace da sabon hannu, muddin mutum ya yarda ya bi shi a hankali.

Fentin yana zuwa a ƙananan kwalaben roba na mililita 17 ko 18, gwargwadon tsohuwar kwalba ce ko sabuwa, masu siririn baki da ke fitar da ɗigo ɗaya-ɗaya. Wannan baki shi ne alherinsa na farko, domin ba a buɗe kwalbar gaba ɗaya balle iska ta busar da abin da ke ciki. Da ruwa ake tsinka shi, da ruwa ake wanke buroshi, kuma ba shi da warin da zai hana a yi aiki a ɗaki. Fentin Tamiya na kwalbar gilashi, wanda ke da sinadarin barasa, ya fi kyau a injin feshi. Idan aka bi shi da buroshi, shafa ta biyu kan ɗago ta farko. Model Color kuwa yakan kwanta lafiya a ƙarƙashin buroshi.

Launuka kaɗan sun isa sojan farko. Lamba 70.921 ita ce kakin sojan Ingila, 70.988 ta yi daidai da ɗamara da jakunkuna, 70.955 ta fata ce, 70.984 ta katakon bindiga, 70.863 ta ƙarfenta, sai baƙi 70.950 da fari 70.951 na gauraye. Ba na ba sabon shiga shawarar sayen babban akwati mai launuka da yawa, domin rabinsu za su zauna ba a taɓa su ba, kuma koyon haɗa launin inuwa da na haske daga launi guda ya fi masa amfani.

Fentin yana da halaye biyu da ya kamata a sani tun farko. Idan ya zauna, garin launin yakan kwanta a ƙasa, ruwansa ya tashi sama, sai an girgiza kwalbar sosai kafin ya koma daidai, in ba haka ba ya fito da sheƙi. Sannan ba ya kama roba tsirara da ƙarfi: dole a wanke sojan da ruwan sabulu, a kankare siririn layin da injin ƙira ya bari a gefen hannu da ƙafa, a fesa fentin shimfiɗa, wato fentin farko da ke sa launi ya kama roba, a ƙarshe kuma a rufe aikin da banish marar sheƙi. A zafin bazara ko bushewar hunturu, ɗigon da aka zuba a faranti kan bushe kafin a gama hannun riga ɗaya. Maganinsa jiƙaƙƙen soso ne a cikin ƙaramar roba mai murfi, a shimfiɗa masa takardar da ake sa wa tiren gasa kek, a riƙa zuba fentin a kanta. Shafa biyu ko uku masu ruwa-ruwa, kowace ta bushe kafin a ƙara wata, sun fi shafa ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba.

A wajen ɗaukar hoto ne ingancin fentin ya fi bayyana, domin kyamara takan girmama sojan ninki goma, ta tona duk sawun buroshi da ƙwayar ƙurar da ido bai gani ba. Da yake Model Color yana bushewa ba tare da ƙyalli ba, haske ba ya tartsatsi a kan kakin, ninkin tufafin da aka yi wa inuwa yakan fito sarai. A kashe filashi, a sa fitilu biyu hagu da dama, a tare haskensu da farar takarda mai shara-shara, a lanƙwasa kwali mai ruwan toka ya zama ƙasa da bango a lokaci guda. Mai babbar kyamara ya kafa ta a kan ƙafafu uku, ya tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, don kada hancin sojan ya fito tar bindigarsa ta yi dishi-dishi. Mai waya kuwa ya ja baya kimanin santimita 30, ya jawo hoton ninki biyu, ya daidaita ruwan tabarau da fuskar sojan, ya sa agogon ɗauka don kada hannu ya girgiza.

Launin fata na 70.955 shi kaɗai yakan fito fayau a hoto, sai an ɗan karya shi da 70.984 a kwarmin ido, ƙarƙashin hanci da inuwar hular kwano. Farin ido kuma gara kada a fenta shi a sojan farko. Siririn layi mai duhu a ƙarƙashin gira ya fi ba da kamar mutum.