Kafin ƙungiyarku ta kashe kuɗi kan manhajar rajistar yara, ku duba waɗannan

Duk ƙungiyar da ke aikin yara a yankinmu, na marayu ne ko na tamowa ko rigakafi ko mayar da yara makaranta, akwai ranar da mai ba da tallafi zai ce ya gaji da ganin hoton littafin rajista a WhatsApp, a koma ɗaukar bayanai da waya. Toh daga ranar ne masu talla za su fara sallama, wannan ya zo da tabulet, wancan ya ce yana da manhaja tasa ta kansa wadda babu irinta a Afirka, wani ma har zancen jirgi marar matuƙi zai yi muku alhali ko janareta ofis ɗinku ba shi da ita. Ni dai na yi aiki da wasu daga cikin kayan nan, wasu kuma na gansu a hannun abokan aiki, kuma ba zan ɓoye ba tun farko, manhajar KoboToolbox (Kobo a taƙaice) nake so, saura kuma zan faɗi inda suka fi shi in akwai.

Tambayar farko da za ku yi wa duk mai talla ita ce, abin nan yana aiki in babu netwok? Ba a cikin Kano ko Maraɗi yaran suke ba ai, suna ƙauyen da sai an hau tudu ko an je bakin titi ake samun sanda ɗaya ta sabis. Da wannan tambayar kaɗai Google Forms ya fita, kyauta ne kuma da sauƙi amma babu data babu aiki, a bar shi wa masu rajistar taron ƙara wa juna sani a otal.

Kobo, Phuong Pham da Patrick Vinck ne suka fara shi, an kuma raya shi a cibiyar ayyukan jinƙai ta jami'ar Harvard a Amurka, kuma tun asali don wuraren yaƙi da bala'i aka yi shi inda ba wuta ba intanet, shi ya sa ya dace da mu. Kashi biyu ne. Akwai shafinsu na intanet inda za ku buɗe asusu ku tsara tambayoyinku a kwamfuta, sai kuma KoboCollect da ake saukewa a wayar Android daga Play Store. Ma'aikaciya za ta sauke fom ɗin sau ɗaya a inda akwai sabis, shi ke nan ta shiga ƙauye ta yi ta cikawa, yara ashirin ne ko ɗari duk suna ajiye cikin wayar, ranar da ta fito gari ko ta samu sabis ta tura gaba ɗaya, ku kuma a ofis ku sauke shi a Excel. Tsarinsu na kyauta ga ƙungiyoyin da ba na riba ba yana karɓar fom har 5,000 a wata, wanda gaskiya ƙaramar ƙungiya da wuya ta kai nan sai dai in hotuna kuke ta lodawa, su ne ke cinye wurin ajiya.

Abin da ya sa na fi son shi ba ma kyautar ba ce, yadda yake hana kuskure ne tun yaron yana zaune a cinyar uwarsa. Ku ɗauki awon dantse misali, wannan ɗan tef ɗin mai kala uku da ake naɗa wa yaro ɗan wata 6 zuwa 59 a tsakiyar dantsensa na hagu. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, 11.5 zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore. A takarda wata za ta rubuta 11, wata 110 don ita da milimita aka koya mata, wata kuma ta rubuta "ja" kawai, in an zo haɗa rahoto a ƙarshen wata sai ka ga akawu ya dafe kai. A Kobo za ku sa wa tambayar iyaka, ku ce milimita kawai za a shigar kuma daga kaza zuwa kaza, in ta buga 11 wayar za ta ƙi wucewa gaba har sai ta gyara, in kuma lambar ta faɗa ja sai rubutu ya fito mata cewa ki duba kumburin ƙafa ki tura shi asibiti yau. Kuma duk wannan za ku iya rubuta shi da Hausa, ko Kanuri ko Fulfulde ko Zabarmanci, ita ta zaɓi harshen da take so a wayarta, ba sai ta tsaya tana fassara Turanci a ka ba uwa tana jira. Tef ɗin nan ma kansa fasaha ce mai zaman kanta, a Mirriah ta jihar Damagaram ƙungiyar ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata auna yaransu da kansu a gida kuma abin ya yi aiki har wasu ƙasashe suka ɗauka, don haka kar kowa ya raina shi don ba ya cin caji.

Yana ɗaukar hoto da murya da wurin da aka tsaya ta GPS, yana karanta lambar QR, yana kuma rubuta lokacin da aka buɗe fom da lokacin da aka rufe ba tare da mai cikawa ya taɓa komai ba. Ku riƙe wannan na ƙarshen, zan dawo kansa.

Inda yake da rauni shi ne bibiyar yaro ɗaya mako bayan mako. Kobo ya fi ƙwarewa a tambaya a cika a tura, in kuna son ku buɗe fayil ɗin yaro ku ga nauyinsa na makon jiya da na wancan makon a wuri guda sai an yi ƴan dabaru. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a buga wa kowane yaro kati mai QR a lamine shi a ba uwa, duk zuwa a haska katin, a ofis a haɗa da lambar. Yana aiki, sai dai kati yakan ɓace ko ya sha wanki, ku buga biyu ku ajiye ɗaya.

Anan ne CommCare, manhajar kamfanin Dimagi, ya fi shi, dole a faɗa. Shi don bibiya aka gina shi, a Burkina Faso ƙungiyar Terre des hommes da ma'aikatar lafiya sun sa shi a tabulet yana jagorantar ma'aikacin ƙaramin asibiti wajen duba yaro ƙasa da shekara biyar mataki mataki, Indiya ma ta yi amfani da shi ga dubban ɗaruruwan ma'aikatan kula da abincin yara. Amma cikakken tsarinsa da dala ake biya duk wata, kuma sai da wanda ya iya gina shi, in tallafinku ya ƙare a watan sha biyu waye zai biya na sha uku? In kuna da babban mai tallafi na shekaru ku ɗauka, in ba haka ba ku wuce.

ODK, wani tsarin ɗaukar bayanai da waya, uban Kobo ne ta wajen manhajar waya, don KoboCollect daga ODK Collect aka ciro shi, sai dai ko ku kafa sabar (kwamfutar da ke karɓar bayanan ta intanet ta ajiye) da kanku ko ku biya su ajiye muku. RapidPro na UNICEF, wanda U-Report, shirinsu na jin ra'ayin matasa, ke tafiya a kansa, da saƙon tes yake aiki ko a ƴar rakani-kashi, amma sai kun samu gajeriyar lamba da yarjejeniya da kamfanonin waya, ba aikin ƙaramar ƙungiya ba ne. DHIS2 na jami'ar Oslo shi gwamnatin Najeriya ke tara alƙaluman asibitoci da shi, ba saye za ku yi ba, ku dai tsara tambayoyinku su yi daidai da abin da jami'in ƙaramar hukuma zai shigar. Primero na masu aikin kare yara ne daga cin zarafi da raba su da iyaye, ta hannun UNICEF da gwamnati ake shiga. Na'urar ɗaukar zanen yatsa kuwa ku manta da ita, yatsan jariri ba ya kamuwa da sauƙi. Jirgi marar matuƙi na kamfanin Zipline da ya fara kai jini a Ruwanda a 2016 ya kuma iso Kaduna a 2022 abu ne mai kyau amma kwangilar gwamnatin jiha ce.

Toh yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta, don wallahi ba a zaɓen manhaja ake cutar ƙungiyoyi ba, a hannun wanda ya kawo ta ne. Akwai masu ɗaukar wannan Kobo na kyauta ko ODK su canza masa suna da tambari su zo da kwat da majigi su ce su suka ƙirƙira, su yanka muku miliyoyi har da kuɗin "lasisi" na shekara shekara. Ba laifi ba ne mutum ya karɓi kuɗin tsara fom da horar da ma'aikata, aiki ne kuma guminsa ne, amma ya faɗi gaskiyar abin da yake sayarwa. Ku karɓi wayar ku shiga saitin manhajar ku duba adireshin sabar da take turawa, in kun ga kobotoolbox a ciki kun san me kuka saya. Kuma in ya ƙi ba ku fom ɗin a fayil ɗin Excel, wanda ake kira XLSForm, ku sallame shi, don da wannan fayil ɗin ne za ku iya ɗaukar aikinku ku koma wani wuri ranar da kuka ɓata.

Mafi muni shi ne asusun. Wata ƙungiyar marayu da na yi aiki da ita, wanda aka ɗauka ya kafa tsarin da imel ɗinsa na kansa ya buɗe komai, da aka samu saɓani kan cikon kuɗi sai ya canza fasawod ya daina ɗaga waya, sunayen yara da hotunansu da unguwanninsu da sunayen masu riƙonsu duk suna hannunsa, mu kuma muka koma gida gida muna sake tambayar zawarawa ranar da mazajensu suka rasu, wata ta ce mana "ba kun rubuta ba wancan zuwan?" babu wanda ya iya ba ta amsa. Don haka imel na ƙungiya ne zai buɗe asusu, lambar wayar da ke karɓar kod ta shugaba ce ko sakatare, ɗan kwangila a ba shi izinin shiga a matsayin baƙo a cire shi ranar da ya gama, kuma duk mako a sauke bayanan a ajiye a wuri biyu. Ni duk manhajar da ba za ta bar ni in yi haka ba ko da zinare aka yi ta ba na so. Ku kuma tuna Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mai riƙo, ku sa tambayar yarda a farkon fom, ma'aikata kuma a ba su izinin turawa kawai ba na ganin bayanan kowa ba.

Sai wayoyin. Ban ga dalilin tabulet ba, ya fi tsada, ya fi saurin fashewa a kan babur, ba ya shiga aljihun hijabi kuma yana jan idon ɓarawo. Waya mai batir 5,000mAh ta Tecno ko Itel ko Infinix ko ƙaramar Samsung ta isa, kuma kowane mai gyara a kasuwar ƙauye yana da sikirin ɗinta. Tabulet marasa suna da ake kawowa a kwali mai hoton yara suna murmushi, an rubuta wai na musamman ne don ilimi ko lafiya, su ne suka fi cuta, kwali zai ce 64GB ka loda hoto kaɗan ta ce ta cika, wasu an yi wa saitin ƙarya yana nuna sabon Android alhali tsoho ne, wasu babu GPS ɗin gaske a ciki, wasu ma Play Store ɗin ba ya buɗewa. Ku danna *#06# ku gwada lambar IMEI da ta fito, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali, ku ƙi karɓar tsohuwar da aka sake wa murfi aka naɗe a leda aka ce sabuwa ce fil, ku karɓi rasit mai lambar kowace waya ɗaya bayan ɗaya ba "waya guda 30" a dunƙule ba.

Fawa bank kuwa sai addu'a. An sha fasa wasu a ga batir ɗaya ne na gaske sauran an cika su da yashi don nauyi, kuma duk ɗan ƙaramin da aka rubuta wa 50,000mAh a farashin kwano biyu na shinkafa ƙarya ce. Wanda aka manna wa ɗan faifan sola a baya ma ado ne, zai kwana biyu a rana bai cika ba kuma zafin yana kashe batirin. Gara ku sayi faifan sola na gaske da batir guda a ajiye a asibitin unguwa ko gidan mai gari kowa ya kawo caji, ko ku ba ma'aikata kuɗin caji a shago, ya fi arha.

Cutar ba daga waje kaɗai take zuwa ba fa. Akwai ma'aikacin da zai zauna a gindin darbejiya ya ƙirƙiri yara arba'in da sunaye, musamman inda rajista ke jawo katan ɗin abincin tamowa na leda, wanda katan ɗaya ke da ƙulli 150 kuma kowa ya san yana ɓullowa a kasuwa duk da an rubuta ba na sayarwa ba ne. Anan ne lokacin buɗewa da rufewa da na ce ku riƙe zai yi muku amfani, fom mai tambaya talatin da aka cika a minti ɗaya da rabi, ko yara goma sha biyar duk GPS ɗinsu a wuri ɗaya da tsakar dare, ko awon dantse da kullum yake faɗawa milimita 114 daidai ƙasa da layin ja, ku san akwai magana. Sai dai wani ya zauna ya duba duk mako, manhajar ba za ta kira ku a waya ba. Haka nan linkin da ke yawo a WhatsApp wai UNICEF na rajistar marayu a tura BVN da kuɗin fom, ku gaya wa iyayen yaran tun ranar farko cewa ku ba kwa karɓar ko sisi kuma ba kwa tambayar lambar banki ta saƙo.

Kafin ku biya kowa, mai waya ne ko mai tsara fom, ku sayi guda biyu kawai tukuna. Ku sa su a yanayin jirgi, ku ba ma'aikaciyar da ta fi kowa tsoron waya ta cika fom goma a tsakar rana a waje inda haske ke kashe sikirin, ta kashe wayar ta kunna ta ga ko suna nan, sannan a buɗe data a tura, shugaba ya shiga da fasawod ɗin ƙungiya ya sauke su a Excel da hannunsa. In goman sun fito cif da hotunansu da wurarensu sai a yi maganar sauran wayoyin da rabin kuɗin aiki, ragowar rabin kuma sai bayan an yi wata guda ana aiki a ƙauye.