Na'urar gwada jin zafi a ɓeraye: wacce ta dace da lab ɗinku?

Duk mai shirin sayo na'urar auna yadda ɓera ke jin zafin wuta, ya fara tambayar kansa wane irin ciwo yake bincike a kai, don na'urorin nan uku da aka fi sani ba abu ɗaya suke aunawa ba, mutane da yawa kuma sai sun saya suke gane haka.

Mafi tsufa shi ne gwajin fizge jela, wanda D'Amour da Smith suka fito da shi a 1941. Ana riƙe ɓeran, a haska masa zafi a jela, a ƙirga sakan nawa kafin ya fizge ta. Yana da sauri, yana kuma nuna aikin magungunan kashe zafin ciwo irin su mofin sosai, amma fa fizgewar nan daga lakar ƙashin baya take zuwa, ƙwaƙwalwa ba ta da hannu sosai, ga shi riƙe dabbar ma kaɗai yana tada mata hankali har ya taɓa sakamakon.

Sai faranti mai zafi, na Woolfe da MacDonald a 1944, wanda Eddy da Leimbach suka gyara a 1953. Ana saita shi wajen digiri 52 zuwa 55 a ma'aunin Celsius, a sa ɓeran a kai cikin kewaye, a jira ya lashi ƙafar baya ko ya yi tsalle. Nan kam ƙwaƙwalwa ta shiga ciki. Matsalarsa ita ce ɓera yana koyo, in ka maimaita masa sai ya riƙa tsalle da wuri. In za ka saya, nemi wanda zafin yake daidai a ko'ina a kan farantin.

Ni dai in binciken na kumburi ne ko raunin jijiya a ƙafa ɗaya, gwajin Hargreaves na 1988 nake ba da shawara, ko da ya fi tsada. Ɓeran yana sake a cikin akwati a kan gilashi, ana turo hasken infirared, wato haske mai zafi da ido ba ya gani, daga ƙasa zuwa tafin ƙafarsa, da ya janye sensa ta tsayar da agogo da kanta. Daɗinsa kana auna kowace ƙafa daban, wadda aka yi wa allurar karajinan (sinadarin da ke jawo kumburi) da mai lafiyar, a dabba guda, ka ga adadin dabbobin da za a yi amfani da su ya ragu, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai yana son haƙuri, dole ɓeran ya zauna ya natsu tukuna, fitsari a kan gilashin yana ɓata awo, gilashi mai sanyi ma haka, shi ya sa wanda ake iya ɗumama gilashinsa ya fi.

Kamfanonin Ugo Basile a Italiya, IITC a Amurka da Bioseb a Faransa duk suna ƙera irin waɗannan. Kowanne ka zaɓa, tabbatar yana kashe kansa da lokaci ya cika, kamar sakan 20 a na Hargreaves, kada dabba ta ƙone. Ka tambaye su abin saita ƙarfin hasken shi ma, da ko akwatunan za su ɗauki ƙananan ɓeraye da manya, kafin ka biya.