Fenti shuɗi mai sirkin kore a ɗakunan Katsina: yana da kyau, amma da sharaɗi

Shuɗi mai sirkin kore, wanda aka ɗan dusashe da ruwan toka, ya fara ƙwace kasuwar ruwan madara a falo da ɗakin kwana. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ido na samun hutu idan ya faɗa kan bango irin wannan. Sai dai sanyin na ido ne kawai, fentin cikin ɗaki ba ya sauke zafi, wannan aikin silin ne da taga.

Abu na farko, kada a yarda da katin launi na shago. Launin yakan fi duhu da ƙarfi idan ya mamaye bango huɗu, don haka a ɗauki wanda ya fi abin da ake so haske da mataki ɗaya. A shafa gwaji mai faɗin mita ɗaya a bango biyu, na kusa da taga da na lungu, a duba da hantsi, da la'asar, da kuma dare. Daren ne ke tona asiri. Lambar K da ke jikin ƙwan lantarki ita ce ke nuna launin haskensa. Farin ƙwan LED mai lamba 6500K, wanda ya fi yawa a kasuwa, yana janye koren ya bar shuɗi fayau, ɗaki ya koma kamar na asibiti. Mai 3000K kuma yana rinjayar da shi wajen kore mai dauɗa. Ƙwan 4000K ne ke barin launin yadda aka saye shi.

Babbar matsalar wannan launi a nan ita ce ƙura. Jar ƙasar hunturu tana ɓuya a bangon ruwan madara, amma a wannan launi tana fitowa ƙuru-ƙuru, musamman gefen ƙofa, ƙasan taga da inda yara ke dafawa. Hayaƙin turaren wuta ma yana bar masa rawaya-rawaya a saman kusurwa. Shi ya sa fentin ruwa mai arha bai dace ba, ana goge shi da ɗanyen tsumma zai biyo hannu. Fenti mai ɗan sheƙi da ake kira satin ake so, irin na Dulux, Berger ko makamantansu, shi ne ke jure wanki, amma sai ya yi sati biyu zuwa huɗu a bango kafin a sa masa ruwa.

Satin kuwa ba ya rufa wa filasta asiri, duk wani tudu da rami sai ya nuna. Dole a yi sikiridin, wato shafen da ke daidaita fuskar bango, a bi da samfefa, a kakkaɓe garin tas, sannan a shafa fentin ƙasa, wato firaima. Sabuwar filasta a ba ta kwana 28 tukuna, in ba haka ba gishirin siminti zai tsattsafo fari-fari, kuma a launi irin wannan daga nesa ake hango shi. Gindin bangon da ke shan danshi da damina a gyara shi kafin komai, domin satin yana tare ruwa a bayansa har ya kumbura ya ɓare.

Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsayi ƙafa 10, yana da bango kusan murabba'in mita 40 bayan an cire ƙofa da taga. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana cin kamar mita 10 a shafa ɗaya, ke nan shafa biyu lita 8, galan biyu na lita 4. A juye su wuri guda a gauraya kafin a fara, saboda haɗi biyu ba safai suke zuwa daidai ba. Ruwa kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin. Masu fenti da ke tsinka shi don ya yi auki su ne ke jawo bango ya yi dabbare-dabbare. Da hunturu fenti na bushewa da sauri, sawun rola ya fito, don haka a gama bango ɗaya ba tsayawa, a bar awa huɗu tsakanin shafa ta farko da ta biyu.

Wannan launi yana tafiya da farin silin, katako ruwan ƙasa, da labule ruwan madara ko ruwan gwal. Jajayen kujeru da tayil ruwan goro kuwa faɗa suke da shi, masu jeren amarya su duba kayan kafin a sayi fentin. Ɗakin da tagarsa ƙarama ce, a tsaya a bango ɗaya na bayan gado, sauran ukun a bar su fari.