Rediyon NOAA da gargaɗin waya: wanne ya fi a Amurka?

Wata Hajiya da ta koma Oklahoma kwanan nan ta tambaya: tunda wayarta na ƙara idan guguwa ta taso, me ya sa maƙwabta suka dame ta da ta sayi rediyon yanayi?

Hajiya, maƙwabtanki sun yi gaskiya, don aikin biyun ba ɗaya ba ne.

Gargaɗin waya, wato saƙon gaggawa da hukumomi ke turowa wayoyi, wanda aka fara a 2012, kyauta ne, ba rajista. Turakun sadarwar da ke kusa da ke ne ke harbo shi, saboda haka duk inda kika je yana biye da ke. Amma gajere ne, harafi 360 ne iyakarsa, kuma ba a turo shi sai abu ya yi tsanani, kamar guguwa mai juyawa ko mummunar ambaliya. Sanarwar farko ta "ku zauna cikin shiri" ba ta zuwa ta nan. Idan kuma sabis ya ɗauke ko caji ya ƙare, shi ke nan.

Rediyon NOAA kuwa, wato rediyon yanayin da maƙwabtanki ke nufi, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa ce ke gudanar da shi, dare da rana, ta tashoshi sama da 1,000, a kan mitoci bakwai daga 162.400 zuwa 162.550 MHz. Rediyon gida na AM da FM ba ya kama su, sai na musamman. Ki nemi mai tsarin SAME, wato tsarin zaɓen yankin da kike son jin gargaɗinsa: za ki saka masa lambobi shida na gundumarku, ya yi shiru abinsa a gefen gado, sai an fitar da gargaɗi ya fashe da ƙarar da ke tada mai nauyin barci. Nan ne ya fi waya a ganina, domin guguwar dare ce mai ban tsoro. Wadda ta ragargaza Mayfield a jihar Kentucky ranar 10 ga Disamba 2021 cikin duhu ta zo.

Rediyon ma da nasa raunin. Tasha ɗaya kusan mil 40 take kaiwa, tsaunuka kan tare ta, kuma yakan tashe ki kan hadarin da ke can ƙarshen gunduma, alhali waya ta fi ware unguwannin da abin ya shafa.

Ki riƙe wayar don hanya, ki ajiye rediyon a ɗakin kwana da batir a ciki saboda ɗaukewar wuta. Galibi ranar Laraba da hantsi hukumar ke turo saƙon gwaji na mako-mako ta rediyon. Idan naki bai nuna gwajin ba, ki duba lambar gundumar, ki ja eriyar, ko ki matsar da shi kusa da taga.