An cire a ta Turanci, an bari a ta Hausa: wace ce a kan daidai?

Ƙanena, ka ce ka rubuta sakin layi ɗaya a kan yaƙin Tafkin Kwatto, ka sa shi a Wikipedia ta Turanci, ka kuma sa irinsa a ta Hausa. Na Turancin bai yi awa guda ba aka cire shi, na Hausar kuwa yau mako biyu ba wanda ya taɓa shi. Kana tambaya wace ce a kan daidai, kuma a wacce ya kamata ka zuba ƙarfinka. Jiya bayan isha'i na buɗe tarihin gyaran shafukan biyu na duba, kuma tunda sababbi suna da yawa a cikinmu masu rubutu a Wikipedia ta Hausa, bari in ba ka amsa a gaban kowa.

Gida biyu ne masu uba ɗaya. Ta Turanci ta fara ranar 15 ga Janairu 2001, sauran harsuna suka biyo baya, kuma kowane harshe editocinsa ne ke tsara ƙananan dokokinsa. Tushen dai ɗaya ne: kada ka ɗauki ɓangare, ka kawo madogarar da wani zai iya dubawa, kada ka shigo da binciken kanka. Bambancin yana wajen yawan idanu. Can ana ƙirga maƙaloli da miliyoyi, akwai masu gadin sababbin gyare-gyare dare da rana, mu kuma da dubbai muke ƙirga namu, kuma masu bin bayan abin da aka rubuta ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka zaman da rubutunka ya yi a ta Hausa bai nuna an yarda da shi ba. Ba a kai gare shi ba ne tukuna.

Ga abin da ka rubuta: "Mujaddadi Shehu Usmanu, Allah ya yarda da shi, hasken zamaninsa, ya murƙushe azzaluman Gobir a Tafkin Kwatto." Ni ma a Sakkwato na tashi, da irin wannan lafazi aka rene ni, kuma idan na shiga Hubbare, makwancin Shehu, da shi nake magana. Amma ka tuna wa zai karanta. Akwai Bagobirin Sabon Birni, akwai na Tsibiri can kusa da Maraɗi, waɗanda kakanninsu ke ɗaya gefen filin dagar ranar, kuma Hausar nan tasu ce kamar yadda take tamu. Idan ka ce "azzalumai" da bakin Wikipedia, ka yanke hukunci a madadinsu. Da ka rubuta cewa a watan Yuni 1804 jama'ar Shehu, ƙarƙashin jagorancin ƙanensa Abdullahi, sun ci rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto, sannan ka ce a rubuce-rubucen jagororin jihadi an zargi sarakunan Hausa da zalunci, ka nuna littafi da shafi, da babu editan da zai taɓa maka shi a ko'ina. Zargin yana nan bai ɓace ba, ka dai mayar da shi bakin masu shi.

Kada ma ka ɗauka wannan tarbiyyar Turawa ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo wasiƙun Shehu Laminu na Borno da ke sukar jihadin, ya bar hujjar mutumin ta fito da ƙarfinta, sannan ya ba da amsa. Mai gari da kansa ya yi haka a littafinsa. Mu jikokin almajiransa ba mu da dalilin jin tsoron kawo maganar wanda bai yarda da mu ba.

Wajen laƙabi da addu'a ne gidajen biyu suka fi rabuwa. Ta Turanci tana da rubutacciyar ƙa'ida: ba a sa salati ko taƙaitattun haruffansa bayan sunan Annabi, ba a sa addu'ar neman yarda bayan sunan sahabi, sai dai a cikin maganar wani da aka ɗauko. Ba Musulmi kaɗai abin ya shafa ba, don sarakunan Ingila ma ba a jera musu kirarin girmamawa a cikin jimla. Za ka iya ƙin jin daɗin ƙa'idar, ni ma ban ce tana yi mini daɗi ba, amma an tattauna ta an zartar, kuma sake mayar da abin da aka cire ba zai canja ta ba. A ta Hausa kuwa za ka ga maƙaloli da yawa ɗauke da (S.A.W), kuma ni ba na bin su ina gogewa, don kusan duk mai karanta Hausa haka ya saba gani a littafi da jarida. Inda nake tsayawa shi ne kirari. "Sarkin Musulmi" sunan sarauta ne, dole a faɗe shi. "Mai Alfarma" girmamawa ce ta baki da takardar gayyata. "Mujaddadi" kuma sai a ce mabiyansa da malamai da yawa suna kiransa haka. "Gwarzo", "haziƙi", "shahararre", "wanda ba a taɓa yin irinsa ba", duk waɗannan in ka cire su ka sa abin da mutumin ya yi da shekarar da ya yi shi, za ka ga girman ya fi fitowa.

Akwai kuma inda kwaikwayon ta Turanci zai ɓata mana harshe. Su ƙa'idarsu ta ce a faɗi mutuwa kai tsaye ba sakayawa. Na ga masu fassara sun ɗauko wannan sun rubuta wai malami kaza "ya mutu". Bahaushe "ya rasu" yake cewa, kuma wannan ita ce kalmar yau da kullum, babu ɗaukar ɓangare a cikinta. Shehu ya rasu a 1817, Bello ya rasu a Wurno a 1837. Haka za a rubuta, a tsaya nan, ba sai an ƙara "Allah ya jiƙansa" ba.

Batun karin harshe ya shafe mu mu Sakkwatawa kai tsaye. Ta Turanci ta sasanta tsakanin rubutun Ingila da na Amurka: abin da ya shafi wata ƙasa a bi salonta, in ba haka ba a bar maƙala a salon da aka fara ta. Mu kuwa daidaitacciyar Hausa muke bi, wadda ta fi jingina da karin Kano. A zaure ka ce "anka haihe shi garin ga", a maƙala ka rubuta "aka haife shi a wannan gari". "Munka", "sunka", "wanga", "tahiya" ba kuskure ba ne, kuma wanda ya gyara maka su bai kamata ya kira su kuskure ba, sai dai ana so ɗan Zariya da ɗan Damagaram su karanta ba tuntuɓe. Abin da ba na yafewa shi ne barin ƙugiya. Ɗan da dan, ƙasa da kasa, ɓata da bata, ma'anarsu daban. Ka sa allon rubutun Hausa a wayarka, aikin minti biyu ne.

Madogara kuwa, a nan ne zuciyata take ciwo. Duka gidajen biyu abin da aka wallafa suke karɓa. Tsohon da ke zaune bakin Hubbare, wanda ya ji daga kakansa, yana iya fin wani littafin sanin inda aka yi kaza, amma ba za ka iya rubuta "in ji kakana" ba, don mai karatu a Agadas ba shi da hanyar dubawa. Dokar tana danne irin iliminmu, wannan gaskiya ne. Mafita ita ce a bi ta doguwar hanya: a ɗauki maganar dattawan, ta shiga mujalla ko littafi ko kundin digiri na uku a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sannan a jingina da ita. Kafin nan, littafin Murray Last na 1967 a kan Daular Sakkwato da rubuce-rubucen Waziri Junaidu sun ishe ka kafa wannan sakin layi naka. Rubutun Facebook ba madogara ba ne, ko da malami ne ya yi shi.

Saura ladabi tsakanin editoci. Na ga bayan an cire maka, ka mayar sau biyu ba tare da ka ce uffan ba. A ta Turanci wanda ya soke gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya toshe shi, kuma ko bai kai ukun ba, in an ga jayayya yake yi, hukuncin na iya hawa kansa. Wanda ya cire maka ya bar dalili a ɗan layin bayanin gyara: babu madogara, akwai kalmomin yabo. Bai zage ka ba, bai taɓa Shehu ba. Abin da ake so shi ne ka tafi shafin tattaunawa, ka ce ga abin da nake son ƙarawa, ga littafin, me kuka gani. Ka sa hannu da alamar nan guda huɗu, ~~~~, ko ka danna maɓallin amsa ya sa maka da kansa. Can ba a doguwar gaisuwa, kada gajartar maganarsu ta zame maka raini. A ta Hausa kuwa ni da sallama nake farawa, in ce sannu da ƙoƙari, sannan in faɗi abin da na gyara da dalili, domin mu kaɗan ne, kuma wanda ka kunyata yau wataƙila gobe ku haɗu a taron horarwa ko a Babbar Kasuwa. Na san wata ɗaliba da ta daina rubutu gaba ɗaya saboda an goge mata maƙalarta ta farko ba ko kalma ɗaya ta bayani, kuma har yau ina jin zafin rashinta.

Shawarata ka fara da ta Hausa, nan aka fi buƙatarka, kuma nan kake da abin da wasu ba su da shi. A ta Turanci ma sabon asusu ba ya ƙirƙirar maƙala kai tsaye sai ya kwana 4 ya yi gyara 10, don haka ka riƙa leƙawa kana ƙananan gyare-gyare kana karanta yadda suke muhawara. Sakin layinka na Hausa kuma kada ka jira wani ya gano shi. Ka koma yau ka cire "azzalumai" da "hasken zamaninsa", ka sa watan da shekarar, ka sa sunan Abdullahi da na Yunfa, ka rubuta a layin bayani cewa kai ne ka gyara abinka. In ba ka da littafin Last, ina da shi a gida, ka biyo ranar Asabar bayan la'asar mu nemo shafin tare.