Wata biyar ina aiki da mtr a shagona, ga yadda na same shi

Ina da ɗan shagon kwamfuta irin wanda ake zuwa cike fom da buga takarda da loda hoto, kwamfuta tara ce duka sai rauta MikroTik guda ɗaya, wato na'urar da ke raba wa kwamfutocin intanet, da rediyon da masu sabis suka kafa mana a saman rufi. Akwai wasu kwana uku da har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Shafi zai buɗe lafiya lau, YouTube na tafiya, WhatsApp na shiga, amma da yaro ya danna loda fasfo ko takardar sakamako sai abu ya tsaya yana ta juyi yana ta juyi har ya yanke. Ga layi har bakin ƙofa, wasu daga ƙauye suka taso da kuɗin motarsu ƙidayayye. In na yi ping, wato na tura ɗan saƙon gwaji in ga ko ɗaya ɓangaren zai amsa, amsa na dawowa tsaf, in na kira masu sabis su ce su dai a wurinsu komai daidai yake.

Ogana da na koyi aiki a hannunsa na kira da daddare. Ya saurare ni har na gama sannan ya ce, "Kai ɗan nan, ping ai sallama ce kawai, an amsa maka ba ya nufin an buɗe maka ƙofa. Sa mtr ka turo min abin da ya fito."

Ga wanda bai san shi ba, mtr manhaja ce da ta haɗa ping da traceroute (mai nuna rautocin da saƙonka ke bi a hanya) a wuri ɗaya, kyauta ne, kuma ba sabon abu ba ne don tun 1997 Matt Kimball ya rubuta shi. Kowane faket, wato ɗan ƙunshin bayani, da ya fita daga kwamfutarka yana ɗauke da wata lamba da ake kira TTL, duk rautar da ya ratsa sai ta rage ɗaya, in ta kai sifili rautar ta jefar da shi ta aiko maka da saƙon ICMP (irin saƙon sanarwa da na'urorin intanet ke aika wa juna) mai lamba 11 cewa a hannuna ya ƙare. To shi mtr da gangan yake tura faket mai TTL 1, sai 2, sai 3, haka har ya isa sabar da kake nema, wato kwamfutar da shafin ke kanta, ta haka kowane zango, wato kowace rauta da ke kan hanya, ke bayyana kansa, kuma ba sau ɗaya yake yi ya tsaya ba, maimaitawa yake ta yi kana kallon lambobin suna canzawa a gabanka, nawa aka tura, kashi nawa ya ɓace, mafi sauri, mafi jinkiri.

A tsohuwar laftof ɗina mai Ubuntu na sa shi, na rubuta mtr -rw -c 100 da sunan shafin. Abin da ya fito ya ɗaure min kai. Zango na farko rautata ce ta amsa, na ƙarshe sabar ta amsa ba asara ko ɗaya, amma duk na tsakiya alamar tambaya ce jere, ɓacewa 100 bisa 100. Na ɗauki hoto na tura wa oga ina cewa ga shi nan kamfanin ne. Ya ce a'a, in da hanyar ta mutu ta ina faket ɗin ya bi ya kai ƙarshe? Je ka duba fayawol ɗinka, amsoshin suna zuwa, a bakin ƙofarka ake tare su.

Haka kuwa aka yi. Watanni baya na sa doka a fayawol, wato mai gadin da ke tace abin da ke shiga da fita ta rauta, wadda ke barin ICMP 8 da 0 kaɗai, wato tambayar ping da amsarta, sauran duk a zubar, saboda na sha karantawa cewa barin ICMP a buɗe haɗari ne. Kuma dokar tana saman wadda ke karɓar established da related, wato amsoshi da saƙonnin da suka shafi haɗin da mu muka fara, shi kuwa fayawol daga sama yake karantowa, wadda ya fara tararwa ita ke aiki. Ba lamba 11 kaɗai nake zubarwa ba, har da lamba 3 mai kod 4, wanda shi ne saƙon da rauta ke aikowa ta ce faket ɗinka ya yi wa hanyata girma, rage shi. Nan ne ciwon yake. Wani wuri a hanyar masu sabis ba ya ɗaukar cikakken faket mai bayit 1500, girman da kwamfuta ta saba turawa, kwamfutocina suna tura manyan faket lokacin loda fayil, ana ce musu su rage, saƙon ba ya iso su, sai su yi ta maimaita abu ɗaya. Buɗe shafi kuwa ƙananan faket muke turawa shi ya sa yake tafiya.

Na gwada a Windows da ping -f -l 1472, wanda in ka ƙara 28 na kan faket ya zama 1500, shiru. Na dinga ragewa har 1452 sannan ya amsa, ke nan iyakar hanyar 1480 ce. Na gyara dokar na mayar da ita ƙasa, na ƙara change-mss a mangle, wato saitin MikroTik da ke sa a rage girman faket tun daga farko, don kariya, wallahi ko minti biyu ba a yi ba fasfon farko ya shige. Na sake kunna mtr sai ga zangunan sun fito ɗaya bayan ɗaya, na masu sabis, sai Legas, sai inda lokacin ya yi tsalle da yawa alamar an tsallaka teku.

Tun daga nan kusan kullum sai na buɗe shi, kuma abin da zan ja hankalin duk wanda zai fara shi ne karatun sakamakon, don mtr ba ya yi maka fassara. Za ka ga wani zango a tsakiya yana nuna ɓacewar kashi 40 ko 60 gabanka ya faɗi, alhali na bayansa duk sifili ne. Wannan ba matsala ba ce, manyan rautoci aikinsu wuce da kaya ne, amsa maka kuwa sai sun samu sarari, wasu ma an taƙaita musu yawan amsar da gangan. Asarar gaske ita ce wadda ta fara daga wani zango ta bi duk na bayansa har ƙarshe. Sau biyu na ga irinta, duka daga zango na biyu ta faro, wato tsakanin rediyona da turken masu sabis, na tura musu rahoton suka zo suka gyara saitin rediyon ba tare da dogon musu ba, abin da a da sai mun yi kwanaki muna jayayya a waya.

Sannan hanyar tafiya kaɗai yake nuna maka, ta dawowa tana iya bambanta kuma ba ka ganinta sai in akwai wanda zai kunna maka shi daga can ɓangaren. Ba ya kuma ajiye tarihi da kansa, in matsalar tsakar dare take zuwa sai ka haɗa shi da cron, mai kunna aiki da kansa a lokacin da ka tsara, yana zuba rahoto a fayil, ni haka na yi duk bayan awa ɗaya.

Na gwada WinMTR, wato irinsa na Windows, a kwamfutocin shago, yana aiki kuma yaran shago sun fi gane shi don akwatin rubuta adireshi ne da maɓallin farawa kawai, sai dai da ICMP kaɗai yake gwaji. Na Linux ɗin kana iya sa -T -P 443 ya bi da TCP, irin haɗin da ake buɗe shafi da shi, ta ƙofar da burauza ke bi, wanda ke da amfani sosai in sabar da kake nema ta toshe ping gaba ɗaya, akwai kuma -z da ke nuna lambar AS, wato lambar kamfanin da ke da wannan sashen hanyar, ta kowane zango ka san daidai inda kaya suka bar hannun masu sabis ɗinka suka shiga hannun wani.

Yanzu laftof ɗin nan tana kan teburin gaba a kunne, duk safiya kafin a buɗe wa kwastoma ƙofa ina tura faket 100 zuwa shafuka uku da muka fi aiki da su, in layin ƙarshe ya nuna sifili sai in ce wa yara su fara karɓar mutane.