Filamboyan ko fulumeriya: wanne ya dace da tsakar gida mai rana a Akra?

Wani ɗan uwa daga unguwar Madina ta Akra ya yi tambaya. Tsakar gidansa ƙafa 30 ce da ƙafa 20, rana tana dukanta tun hantsi har la'asar, akwai sokawe a kusurwa ɗaya da katanga ta ɓangare uku. Shi ransa ya kwanta da bishiyar nan mai jan fure da yake gani a bakin titi, uwargida kuma ta fi son mai farin fure da ƙamshi. Wace zai dasa?

Malam, ta farkon ita ce filamboyan, sunansa na kimiyya Delonix regia, asalinsa daga Madagaska. Ta uwargida kuwa fulumeriya ce, Plumeria, masu sayar da dashe sun fi saninta da faranjifani, asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya. Dukansu biyun masoya rana ne, ba su yin fure sosai sai sun samu aƙalla awa 6 na rana a yini, saboda haka ta wannan fuskar gidanka ya yi musu. Inda suka rabu shi ne girma da abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Filamboyan tsayinsa kan kai mita 10 zuwa 12, amma ba tsayin ba ne matsalar. Faɗi yake yi kamar laima, sau da yawa faɗin rassansa ya fi tsayinsa. Ƙafa 30 da 20 ɗin nan taka mita 9 ce da mita 6, ka ga ke nan kafin ya shekara 10 ya rufe gidanka ya leƙa na maƙwabci. Saiwarsa kuma ba ta nutsewa, a saman ƙasa take gudu tana kauri, gindin ma yakan yi fikafikai. Ita ce ke ɗaga daɓen siminti, ta tsaga harsashin katanga, ta bi danshi har bakin sokawe ko inda bututu ke yoyo. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce a bar mita 8 zuwa 10 tsakaninsa da kowane gini, ramin bayan gida ko bututun ruwa. A gidanka, ko a tsakiya ka sa shi, mita 3 ce kawai tsakaninsa da katanga. Wasu za su ce ai sai a riƙa sare saiwar da ta fito. Ana yi, amma kowace babbar saiwa da ka datse ƙafa ɗaya ka cire masa, ga icensa dama mai gautsi, gara na sonsa, kuma guguwar farkon damina ba ta sallama.

Fulumeriya ba ta da wannan fitinar. Tana tsayawa a mita 4 zuwa 7, tafiyarta a hankali, saiwarta siriri ce kuma ba ta da ƙarfin fasa siminti. Mita 2 daga katanga ya wadatar, daga sokawe kuwa ka ba ta mita 3, ba don za ta fasa shi ba, sai don danshin wurin ne zai kashe ta.

Maganar inuwa ce ke ruɗar mutane. Idan filamboyan na da ganye, inuwarsa ta ishi a shimfiɗa tabarmi a yi taron suna. To amma da hunturu ya shigo a Disamba zai fara zubar da ganye, sai ya kasance a Fabrairu da Maris, daidai lokacin da zafin Akra ya fi tsanani, yana tsaye tsirara sai baƙaƙen kwanso suna lilo. Furen yana fitowa ne wajen ƙarshen rani zuwa shigar ruwa, ya yi 'yan makonni yana ci kamar wuta, daga nan sai baɗi. Ita fulumeriya inuwarta ta kujera biyu ce ko uku, kada ka sa rai da fiye da haka, amma tana daɗewa tana fure, watanni da dama a shekara, ƙamshin kuma ya fi tashi bayan magariba. Iri biyu ne a kasuwa kuma bambancin yana da muhimmanci. Mai ganye mai tsini, Plumeria rubra, wadda furenta ke zuwa ja ko ruwan hoda ko rawaya, tana kaɗe ganye da rani. Mai ganye mai sheƙi da zagayayyen baki, Plumeria obtusa, farin fure da ɗigon rawaya a tsakiya, ita tana riƙe ganyenta kusan duk shekara. Tunda farin fure uwargida ke so, wannan ta biyun za ka nema, kuma ganyen za ka duba, kada ka tsaya ga sunan da mai sayarwa ya faɗa.

Mai shara ma yana da ta cewa. Ganyen filamboyan ƙanana ne kamar na tsamiya, suna shiga ko'ina: indararo, tankin ruwa da aka bari a buɗe, garin da aka shanya, kwata. Kwansonsa na kai santimita 60, mai tauri kamar katako. Na fulumeriya manya ne, tsintsiya ɗaya ta kwashe su.

Fulumeriya ma tana da nata aibin, guda uku. Na farko farin ruwan da ke fita idan an karya reshe, irin na tumfafiya, yana ƙona ido yana sa ƙaiƙayi a fata, a ja wa yara kunne kuma a wanke hannu bayan an yi mata aski. Na biyu tsatsar ganye: da damina za ka juya ganye ka ga gari ruwan lemo a bayansa, daga baya ganyen ya bushe ya faɗi. Ba kasafai take kashe bishiyar ba. A tsince waɗanda suka kamu, a share na ƙasa a ƙone, a daina watsa ruwa a kan ganye, a rage rassan ciki don iska ta ratsa. Na uku shi ne mai kisa, ruɓewar gindi. Idan ruwa ya kwanta mata kwana biyu ko uku, sai ka matsa reshe ka ji ya yi laushi, ciki ya yi baƙi. Wanda ya kai haka ba ya dawowa, sai dai a yanke har inda naman icen yake fari a sake dasa lafiyayyen. Yawancin fulumeriyar da ke mutuwa a gidaje yawan ban ruwa ne ya kashe ta, ba ƙishirwa ba.

Wajen samun iri ma ta fi sauƙi. Ba sai ka saya ba, reshe za ka roƙa. A yanko mai tsawon santimita 40 zuwa 50 wanda ya yi launin toka, a cire ganyen, a jingine shi a inuwa kwana 7 zuwa 14 har bakin yankan ya bushe ya rufe. Wanda ya dasa shi ɗanye ruɓewa zai yi. Sai a binne santimita 8 zuwa 10 a ƙasa mai yashi, a ɗaure shi da sanda, a ba shi ruwa sau ɗaya, a ƙyale shi har sabon ganye ya fito, wajen mako 6 zuwa 8. Irin wannan yakan yi fure cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma launin uwarsa zai ɗauko. Filamboyan daga ƙwaya ake tayar da shi: a goga gefen ƙwayar da magagari ko a zuba mata ruwan zafi a bar ta ta kwana a ciki, ta tsiro cikin mako biyu. Girma kam yana sauri, fure ne sai an yi haƙurin shekara 4 zuwa 6, wani ma ya wuce.

Ramin dashe ɗaya ne ga duka biyun, santimita 60 faɗi, 60 zurfi. A gidajen Akra sau da yawa abin da ke ƙasan tsakar gida ɓaraguzan bulo ne da ragowar siminti da magina suka binne, a kwashe su. Kafin ka sa komai, cika ramin da ruwa da yamma. Idan ka tarar da ruwa washegari, wurin ba ya tsotsewa, sai ka tara ƙasa ka yi tudu mai tsayin santimita 30 ka dasa a kai. Haɗin fulumeriya: ƙasar sama kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. A yage baƙar ledar da dashen ya zo a ciki a cire ta gaba ɗaya, kuma kada a binne gindin ya wuce inda ƙasa take a cikin ledar. Lokacin da ya fi dacewa da dashe shi ne Afrilu ko Mayu, farkon babbar damina. Wanda ya jira ƙaramar damina ta Satumba da Oktoba shi zai yi ta ɗibar ruwa duk hunturu. A ranin farko bokiti ɗaya na lita 10 a mako ya ishi fulumeriya, filamboyan yana son biyu ko uku. Takin zamani 15-15-15 tafin hannu ɗaya, sau biyu a shekara, a zagaye nesa da gindi. Idan aka cika mata taki mai sa ganye irin yuriya, za ta yi kore shar babu fure. Kuma da yake furenta a kan bakin reshe yake fita, duk reshen da ka datse ka jinkirta furensa.

Ga gidanka, Malam, uwargida ce ta yi daidai. Filamboyan na filin makaranta ne, ko harabar masallaci, ko mai fili ƙafa 100 da 70 da bai cika shi da gini ba, kuma ba a ƙarƙashin wayar lantarki ba. Idan jan launin ne ya tsaya maka a rai, nemi fulumeriya mai jan fure ka sa a ɗaya kusurwar, mita 3 tsakaninsu. Mai son wadda ta fi ta tsayi kuma yana da mita 5 daga katanga, ya duba Cassia fistula, 'yar uwar margar da ake gani a arewa, mai rawayan fure da ke zubowa kamar zangarniya. Ana iya tambayar dashe a wuraren sashen lambuna na gwamnati da masu sayarwa a bakin titi, wanda kuma ke son ganin manyan itatuwa da idonsa kafin ya yanke shawara, lambun Aburi da aka buɗe tun 1890 ba shi da nisa da Madina.

'Yan uwa na Kumasi, lissafinku ya ɗan bambanta. Akra ruwanta bai cika wuce milimita 800 a shekara ba, naku ya kusa ninki biyu, ga jar ƙasa mai riƙe ruwa. A can tudun nan dole ne ga fulumeriya, yashin ma a ƙara, tsatsar ganye kuma za ta fi yawa. Filamboyan zai fi saurin girma, amma furensa ya fi cika inda rani ya matsa masa sosai. Mai gidan haya, a Aboabo yake ko a Nima, ya raba duro biyu, ya huda gindin wuri 8 zuwa 10, ya sa tsakuwa a ƙasa ya dasa fulumeriya a ciki, za ta yi shekaru tana fure kuma ranar tashi a ɗora ta a mota.

A kewaye dashen da waya ko kwando har ya fi ƙarfin awaki. Kuma idan babbar Sallah ta matso, a kafa wa rago turkensa daban: reshen fulumeriya ko mai kaurin damtse ne, fizga ɗaya yake karyewa.